Hasken gefe a kan baƙar fata: hoton ƙunshi, ido da hannu daga kusa

Yawancin hotunan ƙunshin amare da ke yawo a WhatsApp daga bukukuwan Garwa, Marwa da Kusseri matsalarsu ɗaya ce. An haska filashi daga gaba, hannu ya yi toka-toka, gaɓɓan yatsu sun yi farin ƙyalli, zanen da mai ƙunshi ta wuni tana yi ya nutse. Mutane sukan ɗora wa waya laifi, alhali gyaran yana wajen haske. Baƙar fata tana nuna siffarta ne ta sheƙin da take mayarwa, kuma sheƙin nan hoton abin da ya haska ta ne. In haske ya fito daga ƙaramin wuri irin filashin waya, sai ka ga ɗigon fari mai zafi, kewayensa duhu. In ya fito daga faffaɗan wuri, sai sheƙi ya shimfiɗu a hankali a kan bayan hannu, tudu da kwarin fata su bayyana.

Haske mafi kyau da mai hoto zai samu a gidajenmu kyauta yake: ƙofar ɗaki ko ta zaure. A zaunar da mai hannun daga ciki, kamar taku biyu daga bakin ƙofa, inda rana ba ta taɓa ta kai tsaye. Hasken ya zo mata daga gefe, kai kuma ka tsaya ƙofar tana damarka ko hagunka, ba a bayanka ba. Ɗaya gefen zai yi duhu, don haka a riƙe farin kwali ko farin yadi kamar santimita 30 daga hannun ya mayar da haske. Murfin tukunya na alminiyam ma yana yi, amma haskensa da kaifi, ya fi dacewa da hannun namiji. In sai a tsakar gida za a yi aikin, a ɗaura farin zanin gado tsakanin rana da hannu, ya zama shi ne fitilar. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana tana tsaye a ka, ba a ɗaukar fata a fili. Hantsi da bayan la'asar su ne lokaci, sai kwanakin hazo, lokacin da ƙurar hunturu ke tausasa rana da kanta.

Inuwa biyu ce ke yaudara. Ta darbejiya, wadda ta cika titunan Marwa, tana zubo ɗigo-ɗigon rana a kan fata, ga koren ganye da ke rina hoto. Ta biyu rumfar biki ta tampol: shuɗi ko ja, launinsa zai hau fata, kuma cire shi daga baya yana kashe jan lalle. Haka fitilun ɗaki. A ma'aunin launin haske (Kelvin, K), hasken rana yana wajen 5500K, na inuwa wajen 7000K, tsohon ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa wajen 2700K. In biyu suka haɗu a hannu ɗaya, gefe guda ya yi rawaya, gefe guda shuɗi. Kashe fitilar ɗaki, ka bar haske iri ɗaya, ka ɗauki farar takarda a wurin ka daidaita saitin fari na kyamara da ita.

Da dare, ko an ɗauke wuta, fitila mai caji tana isa, in an saya mata labule. Rataya farin yadi kamar rabin mita a gabanta. Yadin da ya haskaka shi ne zai zana sheƙi. Nisa ma yana da lissafi. Haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu in an ninka nisa. Fitilar da ke santimita 30 daga wuyan hannu tana santimita 45 daga kan yatsu, wato yatsun ba su samun ko rabin hasken da wuyan hannu ya samu. Mayar da ita mita ɗaya, yatsun za su samu kusan kashi uku cikin huɗu, hannun ya fito bai ɗaya. In kuwa fitilar a jikin wutar gida take, ka tuna wutar Kamaru da ta Cadi mai 50Hz ce, wasu fitilun suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Saurin ɗauka na 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa yana hana ratsin duhu da ke ketare hoto.

Sai awon haske, inda kyamara ta fi yi wa baƙar fata kuskure. An gina ta ne ta mayar da duk abin da ta gani matsakaicin toka. In baƙin hannu ya cika hoto, sai ta ƙara haske har fatar ta koɗe. Rage mata a saitin ƙara ko rage haske, zuwa -0.7 ko -1. In hannun yana kan farin leshi, akasin haka take yi, ta duhunta komai, sai a ƙara. A waya, danna kan fatar ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama ko ƙasa. Ka kashe abin gyaran fuska da wayoyi irin su Tecno da Infinix ke zuwa da shi, domin yana goge layukan fata yana kuma haskaka ta. A ganina wannan ɓarna ce babba: amarya ta fito da launin da ba nata ba, a hoton da za ta ajiye wa 'ya'yanta.

Kusantar abu tana cinye kaifi. A kyamara mai sensa (farantin da ke karɓar hoto a cikinta) na milimita 36, in tafin hannu ya cika hoto, abin da zai fito tar a f/8 (lambar buɗewar gilashin kyamara, girmanta tsukewar ramin haske) kaurinsa wajen santimita ɗaya ne, a f/2.8 kuwa milimita 3 da ɗoriya. In ido ɗaya ne ya cika hoto, f/8 ba ta ba ka fiye da milimita ɗaya. Shi ya sa hannu ke fitowa yatsa ɗaya da kaifi, sauran a dushe. Maganinsa a shimfiɗa hannun, fuskar kyamara ta yi daidai da shi ba a karkace ba, a tsaya tsakanin f/8 da f/11. Wuce f/16 yana sa hoton duka ya yi laushi, kuma a nan ne ƙurar da ta shiga sensa take fitowa ɗigo-ɗigo. Kada a canza gilashin kyamara a waje lokacin hunturu. Wanda ba shi da gilashin kusa na musamman zai iya sayen zobban da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi, masu zuwa uku-uku, na milimita 12, 20 da 36. A gilashi mai 50mm, na 12 ya isa hannu, na 36 ya isa ido da gira. Suna cin haske, sai a ɗaga ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) zuwa 800 maimakon a rage sauri ƙasa da 1/100, don hannun mutum ba ya tsayawa cak. A ɗora shi kan matashi, kai ma ka kafa gwiwar hannunka a kan wani abu.

Mai waya kada ya cusa ta a jikin hannu. Babban idon waya mai faɗin gani ne, yana kumbura yatsan da ya fi kusa. Ja baya santimita 40 zuwa 50, ka sa 2x.

Fatar kanta tana son shiri. A hunturu takan bushe ta yi furu-furu, kuma kyamarar kusa ba ta ɓoye kaushi. Man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ya isa hannu biyu. A shafa, a jira minti 15, a goge da tsumma mai laushi. Basilin yana yin maiƙo ya mayar da haske da zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40, gumi ne matsalar, sai a riƙa dannawa da tsumma kafin kowace ɗauka. Jan lalle kuwa ba ranar da aka cire shi yake nuna ba. Yana fitowa ruwan lemo, ya yi duhu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka a shirya da gidan amarya a ɗauka washegari. Baƙin dayis yana kamawa nan take, amma sau da yawa akwai sinadarin PPD a cikinsa mai ƙona fatar wasu. Mai hoto yakan riga kowa ganin ƙananan ƙuraje a kan layin zane. In ka gani, ka faɗa musu su je asibiti.

Hannun dattijo ko na ma'aikaci ba ya son mai, ba ya son haske mai laushi. Hannun baduku a kan fata, na maƙeri, na Baba yana jan carbi, kyawunsu a tamoji da jijiya yake. Nan ana kwantar da haske ƙasa sosai ya gogi fata daga gefe, a cire farin kwali, a bar inuwa ta cika kowane layi. Tocila ɗaya a nisan mita, a ɗaki mai duhu, ta wadatar.

Ido ya fi kowa wuya. Ƙwayar idonmu ruwan ƙasa ce mai duhu, daga gaba baƙa ƙirin take fitowa. Sai haske ya shigo daga gefe, wajen kunne, sannan zare-zaren cikinta suke bayyana a ɓangaren da ke nesa da hasken. A tsayar da mutum kusa da taga ya ɗan jima, ɗigon tsakiya ya tsuke, launin ya samu fili. Kaifi a kan ƙwayar ake sa shi, ba a kan gashin ido ba, domin kyamara takan kama gashin in an bar ta. Ido madubi ne, zai nuna ka da wayarka, don haka sa tufa mai duhu. Kada a buga filashi a ido daga kusa, balle na jariri.

Kafin duk wannan akwai izini. Hannun mace da ƙafarta ba abin da baƙo ke juyawa ba ne, namiji mai hoto ya nemi ƙawar amarya ko yayarta ta gyara zaman yatsu, shi kuma ya yi magana daga inda yake: "Hajiya, a ɗan karkato shi wajen ƙofa." Yardar ɗauka daban, yardar sawa a Facebook daban, kuma rashin fuska ba ya ɓoye mutum, don zobe, tabo ko zanin gadon da ya fito a hoton sun isa 'yan unguwa su gane ta. A tambaya a fili, a nuna mata hotunan a wurin, wanda ba ta so a goge a gabanta. A kuma kashe alamar wuri a saitin kyamarar waya kafin a shiga gidan mutane, domin tana liƙa wa hoto adireshin inda aka ɗauke shi.