Gidan hayan da na saya a Badariya

A watan Fabrairun 2023 dillali ya fara kai ni gidan, a wani lungu cikin Badariya, nan Birnin Kebbi. Sashe huɗu ne, kowanne ciki da falo, ga tsakar gida ɗaya, bayi biyu, da wani ɗan shago a bakin ƙofa. Sashe biyu da mutane a ciki, biyu an garƙame su saboda rufin ya mutu. Shekara tara ina tara kuɗin, daga albashi, da noman shinkafar rani a fadama, da wani fili da na sayar a hanyar Kalgo. Lissafina mai sauƙi ne. Tun da garin ya zama hedikwatar jiha a 1991 ma'aikata ke ƙaruwa, ga kwalejin Waziri Umaru, ga jami'ar tarayya, kuma duk saurayin da zai yi aure ciki da falo yake nema. Na duba bango, na ɗaga kai na duba kwano, na ce a raina rufi da fenti ne kawai aikin.

Kawuna ne ya fara taka mini birki. Da na gaya masa mai gidan ya rasu, babban ɗansa ne zai sayar, sai ya ce, "Ɗana, gidan gado ba a sayensa a hannun mutum ɗaya. Je ka ƙirga magada, ka ji ta bakin kowa." Na koma wurin mai unguwa, muka ƙirga: matar marigayin mai tumunin takaba, 'ya'ya maza uku, mata biyu. Ashe ɗaya daga cikin matan, wadda ke aure a Argungu, ko labarin cinikin ba ta ji ba. Wani malami ya ƙara fahimtar da ni cewa a gidan da ba a raba ba, abokin tarayya yana da haƙƙin shufu'a, wato idan ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna iya mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓe abinsu. Da na yi gaggawa, da sai na gama zuba dukiyata sannan a kira ni gaban alƙali.

Wata biyu muka yi ana kai da kawowa. Dillali yana ta matsa mini cewa wani Alhaji zai riga ni, ni kuwa na kafe sai an raba a kotu an ba da takarda. Matar nan ta zo da mijinta, ta zagaya ɗakunan da ta girma a ciki, ta share hawaye, sannan ta kafa sharaɗi guda: a saka mata rabonta a asusunta, kada ya bi ta hannun kowa. Haka aka yi wa kowa. Lokacin ana fama da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, don haka komai ta banki ya bi, abin da ya bar mini shaida a rubuce. Lauya ya rubuta takardar ciniki, magada shida da shaidu suka sa hannu, muka bincika a ma'aikatar filaye ko an taɓa jinginar da gidan, domin a dokar filaye ta 1978 ƙasar gari tana hannun gwamna, kuma sauya sunan mai riƙe da ita sai da amincewarsa.

Muka fara aiki a watan Mayu. A ranar 29 ga watan aka sanar da cire tallafin man fetur, kuma kafin sati ya zagayo kuɗin tifar yashi ya tashi, kuɗin ɗaukar bulo ya bi shi. Da shigowar 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma. Wannan ba laifin kowa ba ne a cikinmu. Nawa laifin shi ne ban ware komai a gefe ba, na lissafa kuɗin aiki cif-cif kamar farashi zai tsaya jirana.

Kafinta na yaye kwano sai ga katako gara ta cinye shi, kana latsawa yana zuba kamar gari. Duka muka sauke, muka shafe sabon da baƙin mai kafin a ɗora. Na kuma ba shi rabin kuɗin jinga tun bai fara ba, ruwa na sauka ya tafi ƙauye shuka, sai da na yi sati uku ina kallon rabin gida a buɗe. Daga nan na koma sayen kaya da kaina, ina biyan ma'aikaci gwargwadon abin da ya gama.

Amma babbar asarar ba a sama take ba, a ƙasa take. Na sayi gida da rani, ban taɓa ganinsa cikin ruwa ba, na kuma yi filasta da fenti a watan Yuli don in samu in zuba 'yan haya da wuri. Wani dare a watan Agusta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da asuba na iske tsakar gida ta zama tafki, ruwan har ya haura dokin ƙofa. Shekara da shekaru maƙwabta suna cike gaban gidajensu da ƙasa, lungun ya yi ta tashi, gidan ya koma cikin rami, kwatarsa maimakon ta fitar da ruwa sai ta riƙa shigo da shi. Bayan sati biyu sabon fentin ya fara kumbura, farin gishiri ya feso a gindin bango, filasta tana ɓarewa. Tsohon sokawe kuma ya rufta. Wani dattijo maƙwabci ya tsaya yana kallo, ya ce, "Malam, ai kowace damina haka gidan nan yake. Da ka tambaye mu." Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Na tambayi dillali, na tambayi lauya, na tambayi magini, ban tsaya na gaisa da mutumin da ya shekara talatin yana kallon ƙofar gidan ba.

Sai da na jira damina ta wuce, na sayar da shinkafar da na yi niyyar ajewa. Muka cike tsakar gida da jar ƙasa, muka ɗaga daɓen ɗakuna, aka yanka sabuwar kwata mai gangara zuwa babbar magudana, aka kankare bango har zuwa ƙugu aka bar shi ya sha iska kafin a sake shafe. Aikin nan ya ci fiye da abin da rufi ya ci, kuma mai zuwa duba ɗaki ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsa.

Abin da ya fi amfanar gidan kuwa daga bakin mata ya fito. Maiɗakina ta shiga ta zauna da matan sashe biyun nan, ta dawo mini da abin da ba zan taɓa ji da kunnena ba. Ba fenti ne damuwarsu ba. Bayi biyu ga iyali huɗu in gida ya cika, kullum rigimar wanda zai wanke. Mita ɗaya, duk wata sai an yi cacar baki kan wanda ke da firji da wanda ke da dutsen guga, ga tsohon bashin wuta da na gada ban sani ba. Sannan ƙofofin suna kallon juna, mace ba ta da inda za ta zauna ta yi girki ba tare da idon mijin wata ba. Don haka na fasa sa tayil, na juya kuɗin na yi wa kowane sashe bayinsa, da 'yar katanga mai ƙofa da ta ba shi ɗan fili na girki da shanya, na kuma nemi mita daban-daban. Magini ya so a sare dogon yaron da ke tsakiya a fitar da sashe na biyar. Na ƙi. Wanda ya san zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya san inuwar nan ɗaki ce ita ma.

Akwai wani tsohon tela da na tarar a gidan, shi da matarsa da jikoki biyu, yana biyan kuɗin haya na tun zamanin marigayi. Kowa ya ce in ba shi wa'adi ya tashi. Na je na zauna a tabarmarsa na ce, "Baba, na kashe kuɗi a gidan nan, ba zan iya barin haya yadda take ba, kuma ba na son ka tashi." Ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da zai iya. Muka shirya a kan ƙari kaɗan-kaɗan cikin shekara uku, ya riƙa biya wata-wata maimakon shekara, muka rubuta, mai unguwa ya shaida. Har yanzu nasa ne mafi ƙaranci. Shi ne kuma yake riƙe da makullin tankin ruwa, shi yake sulhunta yara, shi yake gaya mini in famfo ya fara ɗiga tun bai zama ɓarna ba.

Sashe huɗun duk da mutane yanzu. Kuɗin da na zuba bai kama hanyar dawowa ba tukuna, kashi ɗaya cikin biyar na hayar ma ba na taɓawa, na gyara ne. Shagon yana nan a rufe, sai bayan girbi in Allah ya yarda. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi a daminar da ta biyo baya, ban iya barci ba. Ana idar da sallar asuba wayata ta yi ƙara, na ga Baba ne. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Na fito da tocila na duba, ruwan duk ya bi kwata ya fita."