Kafin Ka Sayi Mikisa Ta Dijital Don Ɗaukar Waƙa a Kwamfuta

Ɗan ƙanwata ne ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini hoton wata mikisa ta dijital, wato na'urar haɗa sautuka, mai layi 32 (kowane layi hanyar sauti ɗaya ce), ya ce, "Kawu, da wannan zan buɗe sitidiyona." Na tambaye shi mutum nawa yake ɗauka a lokaci guda, ya ce shi kaɗai ne, daga murya sai jita, sauran kiɗan duk a cikin kwamfuta yake haɗa shi. Da na tambaye shi layi nawa ne za su isa kwamfutar kowanne a ware, sai ya yi shiru yana shafa fuskar wayar. Ni ma ban san amsar wannan tambaya ba ranar da na sayi tawa.

Tawa mai layi 16 ce, fedojinta, wato maɓallan da ake turawa don ƙara ko rage sautin kowane layi, suna hawa da sauka da kansu idan ka kira saitin da ka ajiye, kuma ba na musun cewa wannan motsi ne ya ja hankalina fiye da komai. Na ɗauka kowane makirufo da na jona zai samu layinsa a manhajar ɗauka, amma da na haɗa ta sai kwamfuta ta ga biyu kacal, hagu da dama, wato ganga da murya da fiyano duk sun cakuɗe, ba yadda za a yi a raba su daga baya. Dole na ƙara sayen katin sauti, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, mai mashigar ADAT, hanyar aika layuka da yawa ta waya ɗaya, a nan kuma na koyi cewa wayar ADAT ɗaya layi 8 take ɗauka a kan saurin ɗaukar sauti na 48 kHz, idan ka hau 96 kHz sai su koma 4.

Duk da haka ba zan yarda a ce wauta zalla na yi ba. Kwamfutocin wancan lokaci ba su da ƙarfi, kana ɗora musu amsa-kuwwa da kwamfuresa (mai daidaita ƙarfin sauti) a layi kaɗan sai sauti ya fara yankewa, mikisa kuwa tana ɗauke wannan nauyi a cikinta. Tun da Yamaha ta fito da 02R a 1995 ƙananan sitidiyo suka ga cewa ana iya haɗa faifai sukutum a mikisa ta dijital, saboda haka ba ni kaɗai na bi wannan hanya ba. Sai dai su sun karanta littafin na'urarsu, ni kuwa na bar nawa a kwali.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ɗaukar wata mawaƙiya da ta rera baiti cikin yanayin da ba a samunsa sau biyu. Da muka saurara, sai ga wani ƙas-ƙas yana ratsa muryarta lokaci-lokaci. Na zargi waya, na canza makirufo, na sa ta maimaita har muryarta ta dushe, ashe mikisar da katin sautin kowanne da agogonsa na ciki, mai ƙayyade lokacin ɗaukar sauti, yake tafiya, alhali a haɗin dijital dole ɗaya ya ja ragama ɗayan ya bi. Saiti ɗaya ne a cikin allon na'urar, ban taɓa buɗe shafinsa ba. Daga baya na koma haɗi ta FireWire, wata irin waya mai kama da USB, aiki ya yi daɗi, har ranar da na sabunta kwamfuta na tarar ba ramin FireWire a jikinta, kamfanin mikisar kuma ya daina sabunta direban, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar.

Na so in jero shawarwari masu yawa, amma yaran yanzu ba sa zama su ji dogon bayani, bidiyon minti biyu suke so wanda wani ke buɗe kwali yana murmushi. To, ka fara neman adadin layin da ke shiga kwamfuta ta USB, ba adadin ramukan da ke jikin mikisa ba. Behringer X32, wadda ta fito a 2012, tana aika layi 32 ta karɓi 32, amma ba ta wuce 48 kHz. Yamaha 01V96i tana aika 16 har a kan 96 kHz. Sannan ka duba ko tana da direban ASIO, mai rage jinkirin sauti, idan Windows kake amfani da ita, da kuma yaushe aka sabunta shi.

Idan kai kaɗai ne da murya da jita, kada ka sayi mikisa ko kaɗan. Katin sauti mai mashiga biyu, mai ba makirufon kondensa wutarsa ta bolt 48, ya ishe ka. Na faɗi haka, amma ni kaina ba zan iya rabuwa da feda ba, kuma ina ganin wanda bai taɓa daidaita layi takwas da yatsunsa ba kunnensa bai gama nuna ba. Ga kuma batun jinkiri: bafa, wato guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, idan ta 128 ce a kan 48 kHz tana jawo kusan milisakan 2.7 a shiga kawai, ta 1024 kuwa ta haura 21, mawaƙi ya riƙa jin kansa a makare, alhali ta mikisa yana jin muryarsa nan take. Saboda haka idan ƙungiya kake ɗauka, saya, kada ka saurari hanin sayen da na yi a sama.

Amma don Allah ka buɗe littafinta, ka nemi zanen da ke nuna hanyar da sauti ke bi, wanda ku yaran yanzu ba ku ko kallonsa. Ka tabbata ana iya aika kowane layi zuwa kwamfuta tun kafin ya bi ta feda da ikwalaiza (mai gyara kauri da siririntar sauti), domin idan ba haka ba, duk taɓawar da ka yi don mawaƙi ya ji daɗin kunnensa za ta shiga cikin abin da ka ɗauka, kuma ba ta fita.