Abin da teburin koke-koke ya koya mini a Tawa

Mutumin da ya zo kawo ƙarar ɗan sanda ba ya farawa da abin da aka yi masa. Yana farawa da ko shi wane ne. Zai faɗa maka sunan garinsu da sana'ar ubansa, ya ce tun da uwarsa ta haife shi ƙafarsa ba ta taɓa taka komisariya ba, ga mai unguwarsu nan da ransa, a je a tambaye shi. Sai ya tabbata ka ɗauke shi mutumin kirki, sannan ya ɗaga riga ya nuna maka bayansa. Shekarun da na yi ina karɓar koke-koken jama'a a kan jami'an tsaro a nan Tawa, Jamhuriyar Nijar, sun koya mini in bar wannan shimfiɗa ta yi iya tsawonta. Wanda ka katse tun a nan, sauran zancen a dunƙule zai ba ka.

Amma ni abin da nake jira a cikin labarin nasa daban ne. Lokaci nake jira. Wace rana aka kama ka, da wane lokaci, yaushe aka sake ka? Mai koke yakan ji haushin wannan tambaya, don shi zafin mari da kunyar da aka ba shi gaban ƴaƴansa ne ke cin ransa, ni kuma ina ta maganar agogo. Dalili kuwa, dokarmu ta bin shari'ar laifuka, wadda asalinta tun 1961 ne, ta yarje wa ɗan sanda ko jandarma ya tsare mutum awa 48 don bincike. In yana son ƙari, sai alƙali mai shigar da ƙara ya amince, a ƙara wasu 48. Zargin ta'addanci ne ke da nasa wa'adi mai tsawo. Ke nan tsakanin aikin da doka ta yarda da shi da tsarewar zalunci, sau da yawa ƴan awoyi ne kawai. Wanda bai iya tsayar da awoyin nan ba, kokensa labari ne mai ban tausayi, ba ƙara ba.

Mutanenmu kuwa ba da agogo suke lissafi ba. Za a ce maka bayan la'asar ne, ko ana kiran assalatu, ko ranar Lahadi da ya kawo awaki kasuwar Tawa. Wannan lissafi ba shi da aibi ko kaɗan, ya ma fi na wasu masu agogo tsayawa, aikina ne in mayar da shi kwanan wata da ƙarfe kaza. Kuma akwai shaidun da ba su san ana shari'a ba. Wayar matarsa tana riƙe da lokacin da ta kira ƙanensa tana kuka. A nan Adar, gida nawa ne ba shi da ɗa a Abijan ko Libiya ko Najeriya? In an kama mutum, can ake bugawa, can kuɗi ke fitowa. Rasit ɗin kamfanin aika kuɗi, Nita ko Amana, da aka karɓi kuɗin da shi yana ɗauke da rana. Bai faɗi aljihun da kuɗin suka shiga daga baya ba, amma ya nuna cewa a ranar nan gidan suna neman kuɗin fito da ɗansu. In takardar hukuma ta ce an sallame shi kwana biyu kafin nan, to akwai wanda zai yi bayani.

Kowane wurin tsare mutane ya kamata ya kasance da babban littafi da ake rubuta wanda ya shigo, da dalili, da lokacin shiga da na fita. Da na fara aiki, abin da aka rubuta nake karantawa. Wani dattijo da na tarar a aikin, Allah ya jiƙansa, shi ya nuna mini yadda ake duban littafin kansa. Aikin kwana uku, masu gadi sun canja, amma hannu ɗaya ne da biro ɗaya tun daga sama har ƙasa: a zama ɗaya aka cike shi. Suna ya matsu tsakanin layi biyu da ƙananan haruffa: daga baya aka tuna da shi. Lokacin fita yana nan, sa hannun mai fita babu. Mafi tsanani shi ne wanda sunansa bai shiga ba sam, domin a takarda bai taɓa kwana can ba. Irin wannan sai ka nemi wanda suka kwana ɗaki ɗaya, ko mai abincin da ke bakin ƙofa wadda iyalinsa suka riƙa saye wurinta safe da yamma. Ita ma sai ta yarda ta yi magana, alhali gobe a bakin ƙofar nan za ta ajiye tukunyarta. Ban taɓa ganin laifin wadda ta ce ba ta ga komi ba.

Jiki ma shaida ne, sai dai ba ya jira. Mutum ya fito daga kaso, ya koma ƙauyensu can wajen Keita ko Buza, an gasa masa jiki da ruwan zafi, an shafa man shanu, an jira ya sami kuɗin mota. Ranar da zai iso wurinmu, kumburi ya saɓe, shatar bulala ta dushe. Doka ta ce wanda za a miƙa wa alƙali daga tsarewa ya zo da takardar likita mai nuna ba a taɓa lafiyarsa ba. Tanadi ne mai kyau. Amma a tambayi kai: wa ke raka shi wurin likitan, wa ke tsaye bakin ƙofa lokacin da ake ce masa akwai inda ke maka ciwo? Kuma likita abin da ya gani yake rubutawa, ba ya rubuta wanda ya yi. Shi ya sa duk inda na sami dama, a rediyo ko a taron unguwa, maganata ɗaya ce: a je asibiti ranar da aka fito, a ɗauki hoto da salula cikin haske, da fuskar mutum a ciki, kada a bari sai an huce.

Kowa a ƙasar nan ya ga abin da hoto ke iya yi. A watan Afrilu na 2017, lokacin zanga-zangar ɗaliban jami'a a Yamai, wani bidiyo ya bazu a wayoyi, ana ganin ƴan sanda suna dukan ɗalibi a bayan mota. Kafin shekarar ta ƙare, kotu ta ɗaure uku daga cikinsu shekara ɗaya. Wancan ɗalibi ne, a babban birni, da ƙungiya a bayansa, da bidiyo. Mai kiwon da aka tare a hanyar Abalak ba shi da ko ɗaya cikin huɗun nan.

Sai maganar takardar bayani da ake sa mutum ya dangwala wa yatsa. Da Faransanci ake rubuta ta. Shi ya yi magana da Hausa, ko Tamashek, ko Fulatanci, wani ya juya, wani ya buga, aka ce sa hannu nan. Sau da yawa in na karanta masa abin da aka ce ya faɗa, sai ya riƙe baki. Ba kullum ba ne mugunta, wani lokaci gajiya ce da gaggawa da tafinta na dole. Tun 2014 ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba lauya damar tsaya wa mutum daga lokacin da aka kama shi. To amma galibin lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, fiye da kilomita 500 daga nan, kuma wanda aka kama a kan jikka biyar ba zai kira lauya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum duka da azaba muke gani. Mafi yawan abin da ke zuwa teburina ƙanana ne a ido. Jikka ɗaya ko biyu da aka karɓa a shinge saboda babu katin ɗan ƙasa, ba a ba da rasit ba. Babur ɗin ɗan kabu-kabu da aka riƙe sati guda, alhali da shi yake ci da gidansa kuma yana biyan mai babur kullum. Salular da ta shiga ofis ba ta fito ba. Sai kuma wanda ya fi ci mini rai, wato bashi. Mai kuɗi ya kai wanda yake bi komisariya, a rufe shi har danginsa su haɗo. Bashi tsakanin mutum biyu ba laifi ba ne da ake kulle mutum a kansa, maganar kotu ce ko ta sulhu, sai in akwai zamba ko cin amana a ciki. Amma jama'a da kansu ke neman a yi musu haka, kuma wanda ya zo yau yana kuka an rufe shi, ba mamaki bara shi ya sa aka rufe wani.

Akwai kuma aikin gano wa ake ƙara. Mutumin karkara duk mai kaki ɗaya ne a wurinsa. Ɗan sanda da ɗan garda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarma yana ƙarƙashin ta tsaro, ga ɗan duwan, ga na gandun daji, kowa da shugabanninsa da hanyar da ake bi a kai gare shi. Ƙarar da ta ɓata hanya tana iya yin wata shida a aljihun tebur, sannan a maido ta a ce ba namu ba ne. Don haka nakan zauna ina tambayar launin riga, da hula, da kalar mota, da abin da aka rubuta a ƙofarta, ko da mai koken bai iya karatu ba ya ce dai akwai zane kaza.

Shi ma wanda ake ƙara dole a saurare shi, kuma da kunne biyu. Na ga ƙarar da aka ƙulla don a rama, ɓarawon da aka kama da kaya a hannu ya ce ƙage ne. Na ga ƙaramin ma'aikaci da aka tura shi aiki da baki, da abu ya ɓaci wanda ya tura shi ya ce bai san zancen ba. Na shiga ofisoshin da ba su da man zuwa ɗauko mai laifi sai mai ƙara ya zuba, kuma daga zuba mai zuwa abin da ya fi mai, tazarar ba ta da yawa. Wannan duka ba ya wanke wanda ya ɗaga hannu ya doki mutumin da ke ɗaure. Amma mai binciken da ya shiga komisariya da hukunci a aljihunsa, ba za a sake buɗe masa littafi ba, kuma rahotonsa ba zai tsaya gaban alƙali ba. Nakan gaishe su yadda ya kamata, in ce shef, ga abin da aka faɗa, ina son in ji naka. Da yawansu sun fi sakin baki in sun ga ba ka zo tozarta su ba. Wasu ma su ne ke yi maka nuni da ido inda za ka duba.

Abin da ya fi kashe ƙara kuwa ba barazana ba ce. Haƙuri ne. Kwana kaɗan da shigar da koke, sai manya su shiga tsakani: liman, mai unguwa, kawun wanda ake ƙara da ya zo har gida da goro. A ce haƙuri maganin zaman duniya, a ce kada ka raba bawan Allah da abincinsa, yana da iyali. Wata tsohuwa da aka karya wa ɗanta hannu ta dawo janye ƙara, na ce, Inna, ke ce fa kika zo nan kina kuka. Ta ce, "Ɗana, kai in ka rufe ofishinka gida za ka. Mu da su muke kwana gari guda. Mi kake so in yi?" Ban sami amsar ba ta ba, don ba ni da ikon in tsare mata ƙofar gida da dare.

Ba na raina sulhu. In babur ne aka riƙe, a mayar da shi, a ba da haƙuri gaban mutane, magana ta ƙare, kuma mai babur ya fi son haka da shari'ar shekara biyu. Sau da yawa abin da mai koke ke nema bai wuce a ce masa an yi maka ba daidai ba. Amma azabtar da mutum a tsare ba abin da kawu zai shafe da goro ba ne. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1998, kuma a 2020 aka sa azabtarwa cikin kundin laifuka da sunanta. Laifi irin wannan, ko wanda aka yi wa ya yafe, alƙali mai shigar da ƙara yana da hurumin ci gaba. Nakan bayyana wa mai janyewa haka a fili, in rubuta cewa ya janye da dalilin da ya bayar da bakinsa, in aika da fayil ɗin yadda yake. Hukumomi suna zuwa suna wucewa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da dokar 2012 ta tsara, wadda aka ɗora wa ziyartar wuraren tsare mutane a 2020, ta tafi tare da kundin tsarin mulkin da aka jingine a Yulin 2023. Awa 48 ɗin nan dai ba hukumar ce ta kawo su ba.

In rahoto ya tafi sama, yakan jima bai dawo ba. Duk abin da ya dawo da shi, ko da ba komi ba ne, nakan nemi mai koken in karanta masa da Hausa, don wanda aka bari cikin duhu yakan ɗauka an saye mu. Amsar da na fi gani ita ce an canja wa ma'aikacin wurin aiki. Mutanen unguwa sukan yi murna, su ce an kore shi. Ba a kore shi ba. An tura shi can nesa, irin su Tasara ko Tiliya ko wani ƙauyen kan iyaka, a matsayin horo. Wato an ɗauke mutumin da aka tabbatar hannunsa na da saurin duka daga garin da ke da alƙali da asibiti da rediyo, an kai shi inda mai son kawo ƙara sai ya yi tafiyar yini guda kafin ya ga wanda zai faɗa wa. Duk lokacin da na rubuta shawara a ƙarshen rahoto, nakan nemi a hukunta shi a inda ya yi laifin, a sa takardar a fayil ɗinsa ta bi shi duk inda za shi. Wani lokaci ana ɗauka.