Abin da ma'auni ba ya gani a binciken gashin ƙashi

Binciken da na gudanar a shekarar ƙarshe ta karatun gashin ƙashi ya shafi masu shanyewar ɓarin jiki da ke zuwa asibiti motsa jiki, kuma babban abin da ya koya mini shi ne, ma'aunin da ɗalibi ya zaɓa shi ke yanke abin da zai gani da abin da zai kuɓuce masa.

Na yi aiki da ma'aunin Barthel, wanda aka wallafa a Amurka a 1965, mai duba abubuwa 10 kamar cin abinci da wanka da sa tufafi da hawa matakala, makinsa daga 0 zuwa 100. Na haɗa shi da na Berg, mai gwaje-gwaje 14 da jimillar maki 56, wanda ke auna yadda mutum ke tsayuwa da juyawa ba tare da tangaɗi ba. Dukansu ingantattu ne, sai dai tashi da zaman da suke gwadawa daga kujera ko gado ake yin su, alhali marasa lafiyarmu a tabarma suke zama, tsuguno suke yi a banɗaki, sannan tambayar da dattawa suka fi yi mini ita ce, “Yarona, yaushe zan iya kai goshina ƙasa?” Mutum na iya cin maki mai yawa, takarda ta nuna ya samu sauƙi, shi kuwa har yanzu a kujera yake sallah, bai ɗauki kansa wanda ya warke ba. A ganina, shi ne ya fi gaskiya.

Malamin da ya duba aikina ya hana ni taɓa ma'aunan, domin da zarar an sauya tambaya ɗaya, ba za a iya kwatanta sakamakon da na sauran masu bincike ba. Maimakon haka, na ƙara wasu tambayoyi daban a kan sujada da tsuguno da tashi daga ƙasa, na ba su babi nasu.

Waɗanda suka daina zuwa ma sun shiga rahoton. Galibinsu kuɗin mota ko rashin mai rakiya ne ya tsayar da su, kuma sau da yawa su ne ciwon ya fi tsananta wa, don haka cire su daga lissafi zai sa atisayen ya yi kamar ya fi yadda yake amfani. Na rubuta adadinsu da dalilin kowannensu a babin sakamako.