Tambayar Baba

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, barci ya ƙi zuwa. Maganar Baba ce ke ta yawo a kaina tun la'asar.

Da safe dai lafiya lau. Na kai wa Alhaji allon shagonsa a Babbar Kasuwa, ya tsaya yana kallon buhun shinkafar da na zana, ya ce kamar mutum ya sa hannu ya ɗiba. Jika bakwai ya ba ni. Na sayo wa Inna goro, na sayi shuɗin fenti gwangwani guda, na dawo gida ina jin daɗi.

Bayan la'asar muna zaune a zaure na sake tayar da maganar zuwa Zariya karatun zane. Baba ya rage muryar rediyo.

"Na ji, Jami'ar Ahmadu Bello. Shekara nawa?"

"Huɗu, Baba."

"To in ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?"

Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo nan cikin garin Maraɗi, ana karatun noma, ana na likita, me zai sa in ƙetare iyaka ta Ɗan Isa don koyon abin da hannuna ya riga ya iya?

Bakina ya yi nauyi. Sai yanzu amsar ke zuwa mini. Hannuna kwaikwayo kawai ya iya. Allon shagon ma yana neman ƙarewa, domin yanzu kowa wurin masu inji yake zuwa a buga masa a leda, kuma wanda ya tsara hoton a kwamfuta shi ke cin kasuwar. Atamfar da Inna ke ɗaurawa, wani ne ya zauna ya fitar da zanenta. Haka hotunan littattafan ƴan firamare. Akwai koyarwa, akwai aikin gidan tarihi irin na Bubu Hama a Yamai. A Zariya ana koyon zane da sassaƙa, a wani sashen kuma zanen tufafi da ginin tukwane.

Abin da ya fi jan raina can, a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa ba za su tsaya ga salon Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da na gida. Duk na tuna wannan sai in tuna bangwayen unguwar Birni a Damagaram, da dagi da zayyanar da magina suka yi, ga su suna zubewa.

Amma Baba bai yi ƙarya ba. Babu mai ajiye mini albashi. Da Faransanci na yi BAC, jarrabawar gama sakandare, can kuwa Ingilishi ne, ga jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, ga kuɗin fenti da kayan aiki shekara huɗu. Na lissafa, gabana ya faɗi.

Tuwon dare ban ci na kirki ba. Rabi ta kira, ban ɗauka ba.

Bayan isha'i na tarar da Baba riƙe da littafin zanena, da fitila a hannu, yana kallon shafin da na zana zaurenmu. Ya daɗe a kai. Ya ce, "Ƙofar nan ba ta kai haka faɗi ba, ka rage ta." Ya ajiye, ya shige ɗaki.

Na rage ta ɗazu. Gobe allon tela.