Abin da Ɗakin Ɗinki Ya Koya Mini Game da Baiwa

Misalin talanti da ke cikin Matiyu 25:14-30 yana daga cikin nassoshin da aka fi yin wa'azi a kansu a majami'un Kaduna. Labari ne na wani ubangida da ya danƙa wa bayinsa uku talanti, wato wani ma'aunin kuɗi: na farko biyar, na biyu biyu, na uku ɗaya; biyun farko suka juya nasu suka ninka shi, na ukun kuwa ya binne nasa ya mayar da shi yadda aka ba shi. Kusan kullum da zargin ragwanci ake rufe wa'azin. Hakan ba kuskure ba ne, domin ubangidan da kansa ya kira bawa na uku mugu kuma rago. Sai dai shekarun da na yi ina koyar da ɗinki a cibiyar koyon sana'a ta ikkilisiyarmu a Kakuri sun sa na fi kula da dalilin da bawan ya faɗa da bakinsa, wato tsoro ne ya kama shi har ya haƙa rami ya binne kuɗin.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda aka ba talanti ɗaya an ba shi abu kaɗan ne. Talanti ɗaya kuwa ya kai kimanin dinari 6,000, dinari ɗaya kuma shi ne ladan ma'aikaci na yini guda, kamar yadda misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20 ya nuna. Ashe abin da aka danƙa wa bawan nan ya kusa ladan aikin shekara ashirin. A ganina nauyin amanar ne ya firgita shi, irin firgicin da nake gani a fuskar ɗalibai a ranar da aka fara miƙa musu kayan mutane.

A wurinmu mai koyo da takardar buhun siminti yake farawa, a kanta yake koyon awo da zane da yanka, domin ko ya ɓata babu wanda zai yi asara. Akwai wata yarinya daga Nasarawa wadda idonta ya fi na kowa a ajin. Da ta kalli riga a jikin mutum za ta fitar da fasalinta a takarda ba tare da an nuna mata ba. Amma da aka shimfiɗa mata turmin atamfa, yadi shida cur, sai ta zana da alli ta goge, ta sake aunawa da tef, ta riƙe almakashi har tafin hannunta ya jiƙe da gumi, daga bisani ta naɗe atamfar ta dawo mini da ita tana cewa, "Malam, ga kayanka, ban taɓa komai ba." Ba ta san cewa kusan maganar bawa na uku ta maimaita ba. Ita ce ta fi kowa zuwa da wuri, don haka babu mai iya kiranta raguwa.

Abin da ya warware matsalar yana cikin misalin, ko da yake ba kasafai ake tsayawa a kansa ba: ubangidan ya raba dukiyarsa ga kowa gwargwadon iyawarsa, sa'an nan ya yi tafiyarsa, ya kuma daɗe bai dawo ba. Bai tsaya a kansu yana leƙen kowane ciniki ba. Na ce mata, "'Yata, wannan atamfa taki ce har zuwa Juma'a," na fita na bar mata ɗakin. Rigar da ta ɗinka hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, amma ta yanka, kuma daga ranar ba ta ƙara dawo da yadi a naɗe ba. Daga nan na gane cewa shugabannin ikkilisiya da malamai suna da hannu a baiwar da ake binnewa, domin wanda ba a taɓa sakar masa abin da zai iya ɓatawa ba, ba shi da inda zai nuna amincinsa.

Wani abin da ke binne baiwa a cikinmu shi ne yadda muke jera ta hawa-hawa, mai wa'azi a sama, mawaƙi a bayansa, mai aikin hannu kuwa can ƙasa. Kakuri gari ne na masaƙu. A nan aka buɗe Kaduna Textiles a 1957, wasu kamfanonin suka biyo baya, kuma da suka durƙushe a farkon shekarun 2000 sai aka bar dubban ƙwararru zaune a gida. Ɗaya daga cikinsu dattijo ne a ikkilisiyarmu, tsohon makaniken injin saƙa, wanda ya daɗe yana cewa shi ba shi da wata baiwa tun da bai iya tsayawa gaban jama'a ba. Ranar da kekunanmu suka yi ta tsinka zare na roƙe shi ya duba. Bai kwance komai ba tukuna, ya sa aka taka keken, ya karkata kunne yana saurare, sa'an nan ya ce, "A sake allurar, kuma a sassauta zaren sama." Haka kuwa aka yi, keken ya daidaita. Yanzu Baba ne yake koya wa samari gyaran keke, wasunsu har sun kama rumfa suna cin abinci da sana'ar.

Littafi Mai Tsarki bai san wannan jeri namu ba. A Fitowa 31 Allah ya ce ya cika Bezalel da Ruhunsa, kuma abin da cikar ta haifar shi ne gwaninta a aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace. A Ayyukan Manzanni 9, sa'ad da Dokas ta rasu a Yafa, riguna da tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka nuna wa Bitrus suna kuka. Bulus ma, da yake lissafa baye-baye a Romawa 12, ya sa hidima da bayarwa da jinƙai a jeri ɗaya da annabci da koyarwa.

Ubangidan dai ya dawo ya yi lissafi da bayinsa, kuma yabo iri ɗaya ya yi wa mai biyar da mai biyu. Saboda haka muka sa ranar da kowane ɗalibi zai kawo abin da ya ɗinka a auna shi da inda ya faro, ba da aikin maƙwabcinsa ba. Bana kuma mun roƙi Zumuntar Mata su ba ɗalibanmu ɗinkin ankonsu maimakon su kai wa telolin kasuwa. Wasu daga cikin matan sun yi jinkiri, suna tambayar wanda zai biya idan aka ɓata musu zane, tambayar kuwa tana kan hanya, ganin yadda atamfa ta yi tsada. Kwamitin cibiyar ya amince zai ɗauki asarar duk turmin da ya lalace, a kan haka aka raba wa ɗalibai aikin.