Gilda goma ga kowa, da waɗanda aka bari a waje

Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida kusa da birnin Rotterdam na ƙasar Holan, kuma a bakinsu na fara jin yadda Holan ta miƙe bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai wata baiwar Allah da ta haura casa'in, ba ta yarda a zubar da ko ɓawon burodi; sai ta naɗe shi a takarda ta adana. Tana yarinya aka yi hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, lokacin da Jamusawa suka tare hanyoyin abinci zuwa yammacin ƙasar, mutane suka koma dafa albasar furanni suna ci. Kimanin mutum 20,000 suka mutu.

Da aka 'yantar da ƙasar a Mayun 1945, abin da ya rage ba shi da daɗin gani. Tsakiyar Rotterdam kufai ce tun ruwan bama-baman 14 ga Mayun 1940. Tsibirin Walcheren yana cikin ruwan gishiri. Injinan masana'antu, taragon jirgin ƙasa, har kekunan mutane, an kwashe an yi Jamus da su. Takardun kuɗi kuwa sun cika gari, kaya babu, 'yan kasuwar bayan fage sun yi ƙiba da yunwar jama'a.

A nan ne aka yi abin da ya fi burge ni. Ministan kuɗi, Piet Lieftinck, ya soke duk takardun kuɗin ƙasar ranar 26 ga Satumban 1945. Kowa aka ba shi damar canza gilda goma kacal (gilda ita ce kuɗin Holan a lokacin), ya yi maneji da ita mako guda, da attajiri da mai sharar titi. Sauran kuɗin aka kai banki aka kulle, ana sakinsu kaɗan-kaɗan, wanda kuma dukiyarsa ta kumbura a lokacin yaƙi sai ya yi wa masu haraji bayanin inda ya samo ta. Har yau tsofaffinmu suna ambaton wannan goma ɗin da alfahari. A ganina abin da ya sa aka haƙura ke nan: mutum yana iya ɗaure ciki idan ya tabbata maƙwabcinsa ma ya ɗaure.

Kuma an ɗaure ɗin da gaske. Ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni suka zauna teburi ɗaya tun Mayun 1945, suka amince gwamnati ta riƙe albashi a ƙasa domin kayan Holan su yi arha a kasuwannin waje. Da kati ake sayen abinci da sutura. Kofi sai a 1952 aka sake shi. Gidaje sun yi ƙaranci, ango da amarya sukan shafe shekaru a ɗaki ɗaya a gidan surukai. Gwamnati da kanta ta riƙa ƙarfafa wa mutane gwiwar ƙaura zuwa Kanada da Ostireliya, ɗaruruwan dubbai suka tafi. Amma ba a bar talaka da haƙuri zalla ba. A 1947 Willem Drees, yana ministan walwalar jama'a, ya kawo dokar ba tsofaffi marasa galihu kuɗin wata, wadda a 1957, yana firaminista, ta zama fanshon kowa da kowa. Tallafin Marshall daga Amurka, sama da dala biliyan ɗaya, ya iske mutanen da suka riga suka naɗe hannun riga.

Sai dai wannan "kowa" ɗin bai game kowa ba, kuma abin yana ci mini rai.

Yahudawa kusan 107,000 Jamusawa suka kwashe daga Holan zuwa sansanoni lokacin yaƙin, wajen 5,000 kawai suka dawo. Wasu sun tarar da baƙi a gidajensu. Hukumar birnin Amsterdam ma ta bi wasunsu bashin kuɗin fili, har da tarar jinkiri, na shekarun da suke sansani ko ɓoye.

Ga kuma Indunusiya, wadda Holan ke yi wa mulkin mallaka a lokacin. Jagororinta Sukarno da Hatta sun ayyana 'yanci ranar 17 ga Agustan 1945, amma ƙasar da ta fito daga mamaya jiya-jiya ta tura samarinta su danne wasu, domin an yi imani in mulkin mallaka ya kuɓuce tattalin arziki zai rushe. Aka yi manyan farmaki a 1947 da 1948. A ƙauyen Rawagede, ranar 9 ga Disamban 1947, sojojin Holan suka harbe mazan garin. Indunusiyawa sun ƙirga 431. Sai da Amurka ta yi barazanar tsayar da tallafinta kafin a miƙa mulki a Disamban 1949, kuma aka ɗora wa sabuwar ƙasar bashin biliyoyin gilda. Tattalin arzikin Holan bai rushe ba, bunƙasa ma ya yi. Sarki Willem-Alexander bai nemi gafara kan zaluncin ba sai a 2020.

Akwai wani dattijo a ɓangarenmu, mahaifinsa ɗan tsibirin Ambon ne na Indunusiya, da ya yi wa Holan soja. A 1951 aka kawo irinsu da iyalansu, mutum kusan 12,500, aka ce zaman na ɗan lokaci ne. Suna isowa aka sallame su daga aiki. Aka zuba da yawansu a Westerbork, sansanin da daga cikinsa aka riƙa loda Yahudawa a jirgi zuwa Auschwitz, inda Jamusawa suka riƙa hallaka su, suna kawai aka canza masa zuwa Schattenberg. A nan ya yi ƙuruciyarsa, a bukkar katako, babansa yana karɓar gilda uku a mako kuɗin kashewa, ba a son ya nemi aiki. Shi ya girma ya yi ƙwadago a tashar jiragen ruwa, yana karɓar fanshonsa kamar kowa. Mahaifin kuwa a Holan ya rasu, bai sake taka Ambon ba.